Littafi Mai Ƙanshin Tsire

Har na yi ritaya ban manta da ranar da sufeton makarantu ya shinshina littafi a ajina ba. Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, ni kuma sabon malami ne, ina riƙe da aji biyar a wata firamare a gefen Talata Mafara.

A al'adar makarantarmu, littattafan labarai da ofishin ilimi ke aikowa ba a taɓa su. Hedimasta yakan jera su cikin kabad, sai ranar zuwan sufeto a fito da su fes, ya gani, a mayar. Ni kuwa da rawar kai na riƙa ba yara aro suna tafiya da su gida. Gwanar aron ita ce Hassu, 'yar wani mahauci, wadda ko takardar naɗe ƙosai sai ta karanta.

Da sufeto ya zo, hannunsa bai faɗa kan komai ba sai littafin da Hassu ta dawo da shi, duk mai da ƙuli. Hedimasta ya raɗa mini, "Malam, shirya kayanka, canjin wuri ya same ka." 

Sufeto ya ɗaga littafin, ya shinshina. "Wa ya yi ma wanga haka?"

Hassu ta miƙe. "Ranka shi daɗe, ni ce. Sau ukku na karanta shi."

"Mi kinka samu ciki?"

"Labarin wasu ne da anka tasa daga garinsu. Sai na tuna da Dije." Ta nuna wata yarinya da ruwan dam ya ci ƙauyensu wajen Maradun, wadda tun zuwanta ba mu ji muryarta ba. "Da dariya mukai mata don ba ta magana. Ashe begen gida ne. Yanzu tare muke karatu."

Sufeto ya miƙa wa Dije littafin. Ta karanta shafi guda, ba tuntuɓe. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Sufeto ya dubi hedimasta ya ce, "In na dawo na iske littafi mai tsabta ko guda, kai zan canza ma wuri."

Nan take hedimasta ya ce, "Yallaɓai, ai dama ni na ba shi shawarar."

Ku ƙananan malamai, abin da na koya ke nan. Shekara na yi ina wa yara wa'azin tausayi bai shiga ba. Littafi ɗaya ya shigar da shi.