Ramin da Aka Kife

A makarantar mishan da na yi, ba a yarda da abu karkatacce ba. Layi a miƙe, rubutu a miƙe, har tsagar gashin kai sai an duba ta. Da wannan tarbiyya na tsufa, da ita kuma na koma aji bayan ritaya, sa'ad da aka roƙe ni in koya wa 'yan ajin ƙarshe darasin zama ɗan ƙasa nagari a wata sakandare da ke bakin hanyar Jibiya zuwa kan iyaka.

Daidai ƙofar makarantar akwai wani rami a tsakiyar kwalta, wanda kowace damina take yi wa ƙari. Duk motar da ta nufi Maraɗi ko ta fito daga can, sai ta durƙusa a gabansa kamar mai gaida surukai. Ni kaina ya taɓa kayar da ni daga kan keke a idon ɗalibai. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya tabbatar mini cewa ajiye ta suka yi sai na ba da baya.

Da muka kai babin hidimar al'umma, na shaida musu cewa ɗan ƙasa nagari ba ya naɗe hannu yana jiran hukuma, kuma kakanninsu sun san gayya tun kafin a sa ta a manhaja. Na nemi su zaɓi aiki. Wani daga bayan aji ya ce, cikin irin ladabin da ban amince da shi ba, ai ramin da ya kayar da Malam. Aka ɗaga hannu kamar yadda na koyar. Hannu ɗaya ne bai tashi ba, na shugabar ajin, yarinyar da ban taɓa samun kuskure a rubutunta ba duk da na nema. Ta buɗe baki za ta yi magana, na tuna mata cewa an rufe muhawara.

Ranar Asabar muka cike ramin da tsakuwa da jar ƙasa. Na sa aka daddaɓe, na ɗora katako na duba, na sa aka tone gefe guda aka sake. Da muka gama, ko ƙwai aka gangaro ba zai yi tuntuɓe ba.

Kafin mako ya zagayo, motoci sun koma wucewa kamar an koro su. A gindin darbejiyar da ke fuskantar ramin akwai matan da ke sayar da awara da dafaffen ƙwai da rake. Na daɗe ina ganinsu, ban taɓa tambayar abin da ya zaunar da su a nan ba. Wata rana da aka tashi, ɗaya daga cikinsu ta tare mini keke da matsamin awara a hannu. Mahaifiyar shugabar ajina ce.

"Malam, mi munka yi maka?" in ji ta. "Ramin ga shi ne kasuwarmu. Direba in ya taka birki ya ga awara. Yanzu sai dai mu ga bayan mota."

Ta ce da kaskon nan take riƙe da karatun yarinyar, kuma idan ciniki bai dawo ba, za ta cire ta ta ɗora mata tire ta bi motoci har Magama da ke kan iyaka, jarrabawa kuwa ta jira masu hali. Na amsa mata da cewa malami ba ya haƙa rami a hanyar gwamnati. Ta ce ba wanda ya roƙe ni, suna da fartanya, kunyar furfurata kawai ta hana su.

Ranar Litinin na kawo wa ajin maganar a matsayin aikin gwaji, kamar daga littafi na ɗauko ta. Yarinyar ta ɗaga hannu ta tambaya ko an buɗe muhawara. Sannan ta ce Malam ya koyar cewa ba a yanke wa mutane hukunci sai an ji ta bakinsu, har ya ja wa maganar layi biyu a allo. Na tabbatar mata cewa layi biyu ne. Ta ba da shawarar a kira taro, ajin ya amince, ni kuma na lura cewa wannan karon ba a jira ra'ayina ba.

Ɗaliban da kansu suka je suka gayyato mai unguwa da kansila da shugaban direbobin tasha, aka zauna a gindin darbejiyar. Matan suka ce a maido musu raminsu. Wani tsohon direba ɗan Maraɗi ya rantse cewa ramin ya ci masa sifirin na mota fiye da yadda shi ya ci tuwon gidansa. Kansila ya ce kowa yana da gaskiya, ya koma duba wayarsa. Mai unguwa ya ce tun da aka gyara hanya an take masa akuya, ga yara kuma a nan suke tsallakawa.

Sai yarinyar ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, iyayenmu ba rami suke so ba, birki suke so. A kife ramin ya koma tudu."

Direban ya shafa gemu ya ce tudu dai ana hango shi daga nesa, rami kuwa munafuki ne, da ruwan sama yake rufe fuska. Aka tsaya a kan haka. Kansila ya yi alkawarin samo izini da siminti, kuma ya cika, domin zaɓe ya matso.

Ni na duba aikin tudun, na sa aka rushe gefe guda aka sake, aka shafa masa farin fenti. Ciniki ya dawo gindin darbejiya, yarinyar ta zauna jarrabawarta. Kowace safiya dole in sauka daga keke in tura shi a kan tudun, mahaifiyarta kuwa takan ɗaga murya yadda sauran matan za su ji, ta ce ga Malam ma ya taka birki. Ba na cin abin bakin hanya. Nakan sa ta ƙunshe mini, in kai gida.