Usur ɗin Keken Baba

Keken babana ba shi da ƙararrawa. Usur gare shi, na tagulla, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ɗaure a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Akwai ƴar igiya da ta hau har hannun keken. In Baba ya ja ta, sai wani ɗan gargare ya taɓa taya, ya yi ta juyi yana hura usur ɗin. Kukansa irin na shirwa ne sak. Duk maraicen da Baba ya dawo, kajin unguwarmu ke fara sani, su watse ƙarƙashin rumbuna.

Baba ma'aikacin likita ne. Bayan samun ƴancin kai shi ke zagaya ƙauyukan kusa da Tawa yana yi wa yara lamba, yau Kalfu, gobe wajen Bambeye, cikin rairayi da duwatsun Adar masu yanka taya. Usur ɗin kuwa wajen wani tsohon ɗan kasuwa ya same shi, wanda ya zo da shi daga Kumasi tun ban san ana duniya ba.

Na dawo hutu daga kwalej da damina, sai ga baƙo ya ci abinci gidanmu, wani Anasara mai aikin gina rijiyoyi. Zai fita ya ga keken a zaure. Ya tsuguna, ya shafa usur ɗin, ya yaba, ya sake yabawa. Ni dai na ga fuskar Baba, na san an gama. A wajensa, baƙo ba ya yaba abu har sau biyu ya tafi ya bar shi. Da safe ya kwance usur ɗin, ya naɗe a ƙyalle, ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, don ya ce yana da kyau? In ya yaba rumbu fa?"

Ya ce, "Uwata, tahi ki kai mai. Ban da dogon zance." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kira na haka.

Na kai. Anasara ya yi murna, ya aiko wa Baba sabuwar ƙararrawa mai walƙiya, irin wadda ke kan keken tela da na mahauci da na kowane masinja a garin.

Ba mu tuna da Kaka ba, duk cikinmu. Idanunta sun daɗe da tafiya, kuma Baba ɗanta ne na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya gaishe ta da safe daga bakin ƙofa sai ta amsa wa bango. Ashe duk shekarun nan ba ta sa hannu a tuwon dare sai ta ji usur. Ba wanda ya lura, don kullum tana ji.

Yanzu kuwa duk keken da ya wuce ya yi ƙirrin, sai ta ɗaga kai, ta saurara, ta sauke. Tuwo ya huce a gabanta. Na ce mata, "Kaka, ɗanki ya dawo, shina zaure da masu neman magani."

Ta ce, "Wa ya tambaye ki, takwara? Ƴar lakkwal, ƴar boko, da baki kamar na tsohuwar rijiya."

Ta ƙi ci. Bakin mutum ba ta yarda da shi, tun lokacin da mijinta ya rasu a hanya aka yi ta ce mata yana tafe. Na matsa wa Baba ya shiga ya gaishe ta da maraice. Ya shiga, ya tsuguna, ta ja mayafi ta juya masa baya. Ranar ko ruwa ba ta sha ba, don kada a ce shi take jira. Kafin mako ya zagayo, zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Na ce wa Baba a je a karɓo abin. Ya dube ni kamar na zage shi. "An taɓa amshe kyauta? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ni ban iya zaman jira ba. Na sa takalmi na nufi gidan Anasara.

Ya tarbe ni da fara'a, bai ma tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ya ɗauko wani akwati mai shimfiɗar ƙyalle ja. Usur ne a jere. Ya ce a ƙasarsu, kafin ƙararrawa ta yi yawa, masu keke a wuya suke rataya usur, su busa da baki in sun ga mutum a gaba. Ya nuna mini mai sarƙa, da mai baki uku, da wani mai kumburarriyar roba da ake matsawa. Ya ce daga baya aka ƙera irin namu mai aiki da taya, bai daɗe ba aka daina, shi ya sa yake da wuyar samu. Yanzu ba mai amfani da su, tara su ake yi, ana musaya tsakanin masu sha'awa. Namu na tsakiya, an goge shi har ban so gane shi ba.

Na bar shi ya kai aya, da ƙyar. Sannan na ce masa da Faransanci, "Monsieur, ni na kawo maka kyauta, ba ka ba ni tukwici ba."

Bai san tukwici ba. Ya kira kukunsa, wani dattijo mutumin Affala, ya tambaye shi ko gaskiya ne ana ba wanda ya kawo kyauta wani abu. Dattijo ya ce gaskiya ne, shi ma tun ranar yake jin kunya a madadinsa. Anasara ya yi ja har kunne, ya ce in faɗi abin da nake so. Na nuna na tsakiya.

Dattijo ya tuntsire da dariya. "Ke ɗiyar ga! Tun da nike ban taɓa ganin wanda ya zaɓi tukwici nai ba."

Na ce, "Yau ka gani, dattijo."

Sai na gaya wa Anasara zancen Kaka, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya miƙo mini mai baki uku, ya ce ya fi tsada. Na ce kunnenta bai san wannan ba. Ya yi ta juya namu a hannu, har na fara tunanin fizgewa. Can ya ce shi bai taɓa jin kukan irinsa a kan taya ba, ko zan bari ya zo ya ji wata rana? Na ce ya zo, amma kada ya yaba komai a gidanmu.

Da Baba ya ga usur ɗin a hannuna, ya miƙe tsaye. "Roƙo kinka tahi yi da sunana?"

"Da sunana na tahi. Tukwicina ne. Kyautarka tana nan, ba wanda ya amshe ta. Aro zan ba keken, in kana so."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce lakkwal ta lalata ni. Sannan ya aika a kawo masa sufana, ya ɗaura da kansa, ya gyara igiyar har sau biyu.

Washegari ya tafi Kalfu. Da maraice na zauna kusa da Kaka, tuwo a gabanta, ni kuma ina tsoron kada gugar da aka yi wa usur ɗin ta sauya masa murya. Keke ya wuce da ƙirrin, ta ɗaga kai, ta sauke. Sai can daga bakin layi shirwa ta yi kuka. Kaji suka watse.

Kaka ba ta ɗaga kai ba ma. Ta lalubo kwano, ta jawo shi, ta ce, "Takwara, wanga tuwo ya yi sanyi, ɗumamo mini miya. Kuma ki ce ma mai wanga ƙara shi bar tsorata mini kaji."

Na tashi da gudu. Ta cinye, ta nemi ƙari.