Gwaggo Mai Guga da Maigidanta

Kar ki kalle ni haka, ni ma na san ban kyauta ba. Amma ki bari in gaya miki yadda aka yi tukuna.

Akwai wani gidan renon yara a bayan kamfanin sabulun da nake aiki. Shuɗin fenti, ga lilo, kowane yaro da ƙugiyar rataye jakarsa. Ranar da na leƙa na rantse sai ɗana ya shiga. Matar ofis ta ce mu ne na ashirin da uku a layi, kuma in ba da lambar waya biyu, don rana ɗaya suke kira, in ba a kai yaro ranar ba su ba na baya. Mu kuwa tun daga ƙofar kamfani ake karɓe wayoyi a kulle a akwati. Mijina direban babbar mota ne, yau yana nan gobe sai labari. Sai na ba da lambar Gwaggo.

Ba 'yar'uwata ba ce. Ita tana ƙasan bene muna sama, kowa haka yake kiranta. Guga take yi tun ba a haife ni ba, hannunta duk tabon ƙuna. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana can wani gari, sai dai waya. Teburinta kullum a bakin ƙofa, tana guga tana tsokanar duk wanda ya wuce.

Na ce ta riƙe min yaron sati biyu. Na san ƙarya nake.

Ta ce, "Kawo min maigidan nawa, dama ɗakin ba namiji."

Sati biyu ya zama wata takwas. A ɗakinta ya yi rarrafe, a ɗakinta ya fara tafiya. Ni kuma bakina ba linzami. In na zo ɗaukarsa, a gabanta nake cewa, "Yi haƙuri, saura kaɗan ka shiga wurin mutane."

Sai ta yi dariya. "To, 'yar nan, mu aljanu ne?"

Wata rana na ga teburin a naɗe jikin bango. Na tambaya, ta ce ƙafarsa ce ta kwance. Wani malamin makaranta da ke zaune a ɗakin kusa da nata ne ya tare ni ya ce ba wata ƙafa. Yaron ne ya taɓa jawo wayar dutsen guga, tun ranar ta daina guga muddin yana ɗakin. Sai da sassafe take ɗan yi kafin in sauko da shi. Masu kawo mata kaya duk sun watse, har shi malamin.

Kin san me na yi? Na yi kamar ban ji ba. In na nuna na ji, ina zan kai shi?

Wata ranar Laraba na dawo na tarar ɗakinta a kulle. Can sai ga ta tana ɗingishi, dama gwiwarta ba lafiya, yaro na barci a kafaɗa. Ban ko gaishe ta ba.

"Ina kika kai min ɗa cikin ranar nan?"

Ta miƙo min takarda. "Sun kira. Suka ce kafin ƙarfe huɗu. Maigida ya samu wurin mutane."

Na duba, ga dangwalen yatsanta a inda ya kamata in sa hannu. Rigar yaron ta sha guga har tana ƙyalli, wai kar su raina shi. Da ta so, ai sai ta ƙi ɗaga wayar, wa zai sani?

Ranar Litinin da muka sauko zan kai shi gidan renon, ya kama ƙofarta yana ihu, da ƙyar na ɓamɓare shi, na makara. Washegari sai na bi ta matakalar baya. Na ce na kwana biyu ne, kafin ya saba.

Yau sati uku. Ta baya muke fita, ta baya muke dawowa. Teburin ya koma bakin ƙofa, daga sama ina jin ƙamshin guga, amma ban ƙara jin tana tsokanar kowa ba.

Jiya malamin ya sake tare ni. Wai Gwaggo ta ce in gaya wa masu renon, Maigida ba ya barci sai an murza masa kunne a hankali. Saƙon ke nan duka. Ba ƙorafi, ba zagi. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi, don faɗa na iya shi.

Matakala goma sha huɗu ce tsakanina da ita, na ƙirga. Ke, da ke ce, in kika buga ƙofar nan ta buɗe, me za ki fara ce mata?