Shekarar da Iska ta Ɗauke Rufin Makarantarmu

Iskar ta zo ne da la'asar, a ƙarshen bazara, ranar da babu makaranta. Ina zaune a gindin ɗorawa ina tsintar wake sai na ji wata ƙara kamar an jefo babban faranti daga kan dutse. Da na fito bakin hanya na hango kwanon rufin makarantarmu yana juyi a sama, yana walƙiya kamar balbela. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne yana da kyau. Sai da ya faɗa kwazazzabo ya nannaɗe, sannan na gane mun rasa rufi.

A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Ni 'yar soja ce, a bariki aka haife ni, sai bayan rasuwar Baba muka dawo Zuru da zama. Yarenmu ina ji, amma idan na buɗe baki tsofaffi dariya suke yi. Kawuna ya nema mini aikin ofis a Birnin Kebbi, na ƙi. Mu 'yan kaɗan ne a jami'a muka yi wa juna alkawarin za mu je mu koyar a inda ba a son zuwa, ni kuwa na zaɓi wani ƙauye a bayan duwatsu, hanyar Ribah. Ina ganin kamar idan na tsaya gaban allo a can, rayuwata za ta yi nauyi irin na ƙwarai.

Makarantar ɗaki biyu ce ta ƙasa, babba da ƙarami, mutanen gari suka gina da hannunsu. Malamai mu biyu ne: ni da hedimasta, wani dattijo mutumin Argungu da ke zuwa daga Zuru a kan babur. Washegari ya zagaya ginin yana shafa bango.

"Malama, ginin ƙasa ne," ya ce. "In ruwa ya sauka bisa kan bangon nan babu rufi, laka zai koma. In ya faɗi kuma, ofis ba za su gina wani ba. Cewa za su yi a kai yara makarantar ƙetaren rafi."

"To ai sai su je can, Malam, kafin a gyara."

"Rafin nan? Da damina ko saniya ba ta ƙetare shi. Wa zai tura ɗansa?"

Na ɗaga kai. Sama fes take, amma can gabas akwai wani ɗan duhu kamar an goga gawayi da yatsa.

Na hau kabu-kabu na tafi ofis a Zuru, na koma, na sake komawa. Mutumin da ke teburin yana da kirki, har ruwan sanyi yake ba ni. Kullum maganarsa ɗaya: an ji, an tura sama, sai an jira. A zuwana na ƙarshe na tsaya wurin mai waya a ƙarƙashin lema, na kira ƙawata da ke koyarwa wajen Dirin Daji, ita kaɗai ta rage cikin masu alkawarin ban da ni. Yayanta ne ya ɗauka, ya ce ta bar aikin, ta tafi Abuja. Na riƙe wayar a kunne bayan ya kashe, har mai lemar ya ce, "Anti, an gama ko da saura?"

A gida Mama ta saurare ni tana jajjaga tattasai.

"Allah ne ya ɗauke rufin nan don ki ji magana," ta ce. "Kin ƙi jin ta kawunki, kin ƙi jin tawa, sai aka aiko miki iska. Dubi wuyanki kamar na zabuwa. Ki kwana nan."

Ban kwana ba. A hanyar komawa ina bayan babur ina kallon ɗakunan ciyawa a gefen duwatsu, sai na ce a raina, me ya sa dole sai kwano? Garin nan kaf da shuci, ciyawar rufi, aka rufe shi. Samari na nan, majiya ƙarfi. Zan kira gayya, in dafa abinci, su zo su ɗaura jinka su baibaye. Na ji daɗin wannan tunani har na fara rera waƙar coci a cikin iska.

Tsohuwar da nake zaune a gidanta, wadda nake kira Kaka, ta tafi Ribah jinyar 'yarta da ta haihu, don haka ban shawarci kowa ba sai hedimasta. Shi ma baƙo ne kamar ni, ya ce dabara ce mai kyau. Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada na tare samarin a gindin mangwaro. Na yi musu bayani da Hausa, na ƙara da yarenmu gwargwadon iyawata. Suka sunkuyar da kai suna zane ƙasa da yatsun ƙafa.

"Za ku zo ranar Laraba?"

"To, Malama."

Na sayi dawa, na kai niƙa. Ni da manyan 'yan matan aji muka tuƙa tuwo, muka kaɗa miyar kuka, muka dama kunu cike da tulu. Muka jera komai a inuwar bangon da ba rufi. Hantsi ya yi, rana ta take. Ina jin waƙar samarin daga nesa, daga gonakin gindin dutse, ɗaya yana bayarwa sauran suna amsawa, suna sharar gona. Duk lokacin da iska ta kawo muryar kusa sai in miƙe in gyara ɗankwali. Babu wanda ya zo. Da yamma na raba wa yara tuwon, suka ci suna murna, ni kuwa na shiga ƙaramin aji na zauna a kan benci, sama a buɗe a kaina, na yi kuka har hancina ya toshe.

Kaka ta dawo bayan kwana biyu. Da na ba ta labari ta ajiye ƙunshinta ta riƙe haɓa.

"Wa kika roƙa?"

"Samarin."

"Samarin! 'Yar bariki, 'yar bariki. Kin je aron jaki kin tambayi jakin."

Sannan ta zaunar da ni. Yaran nan duka 'yan golmo ne, in ji ta. Saurayi idan yana neman aure, shekaru yake yi shi da abokansa suna yi wa uban yarinyar noma. Daga sharar gona har girbi, ƙarfinsa ba nasa ba ne, na surukinsa ne. Ba zai iya ce wa malama a'a ba, ba kuma zai iya ɗauke yini guda daga gonar suruki ya kai wani wuri ba, sai a ce ragon miji ne. Na san kalmar golmo tun ina yarinya, Baba yana ba mu labarin nasa yana nuna mana kantar hannunsa. Ban taɓa zaton tana da alaƙa da rufin aji ba.

"Iyayen 'yan mata za ki bi," Kaka ta ce. "Ɗaura zani, bar wannan siket ɗin."

Muka bi gida gida. Ina durƙusawa, Kaka tana magana. Wani ya ce sai ya yi tunani. Wani ya ce shucin da ya yanka da rani na rumbunsa ne, yanzu kuwa daji an ƙone, babu ko tsinke. Wani ya tambaye ni yaron da ya yi boko a garin nan wanda ya dawo ya zauna. Na ƙarshe wani tsohon soja ne mai 'ya'ya mata da yawa, yana zaune a kan turmi yana gyaran ƙotar garma.

"Ke ce 'yar sajan? Kin yi kama da mai jin yunwa. Me kike so?"

"Baba, yini ɗaya nake roƙo."

"Yini ɗaya! Kin san nawa na sha wahala kafin na samu surukai? Mata na haifa, Allah ya ba ni bataliya, ke kuma kin zo ki kwashe ta."

"Bango zai faɗi, Baba."

"Dawata ma za ta faɗi." Ya dube ni, ya dubi Kaka, ya yi tsaki. "Autata tana ajinki. Kullum tana dawowa tana karanta mini rubutun jikin buhun taki, ta hana ni barcin rana. To, bayan kasuwa. Zan gaya musu yinin makaranta yinina ne, a lissafa musu. Shuci kuma ina da na ɗaki guda da na so in yi wa tsohuwata. Ta ƙara haƙuri, ta saba."

Na koma gida kamar ba na taka ƙasa. Amma ana gobe kasuwa hadari ya haɗu. Ina cikin koyar da yara a gindin kaɗanya, inda muka koma tun tafiyar rufin, sai iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya tashi. Yara suna tsalle suna ihu. Duk garin murna ake yi, ni kaɗai nake gudu zuwa makaranta da tabarmata a ka. Na hau benci na shimfiɗa ta a kan bango, na ɗora duwatsu. Na koma na kwaso buhunan Kaka, da ledar katifata, da zannuwana biyu. Bangon yana da tsawo, kayana kaɗan ne. Ina kallo jar ƙasa tana gangarowa a jikin allo kamar allon ne yake zubar da jini.

Ruwan shuka ya sauka, ba a maganar komai sai shuka. Ban ma je wurin tsohon sojan ba, na san ba shi da abin da zai ce mini. Gari ya watse cikin gonaki tun asuba, har da yarana. Kullum da safe nakan zagaya ginin ni kaɗai, in danna bango da yatsa in ji yadda ya yi laushi. Hedimasta ya daina zuwa kullum saboda hanya ta ɓaci. Na yi addu'o'in da ban taɓa yi ba: ina roƙon Allah ya riƙe ruwa a garin da kowa yake roƙon ya sake shi. Idan na ga hadari sai in ruga makaranta. Idan ya watse kuma in ji kunyar Kaka, wadda take tsaye a ƙofa tana duban gonarta.

A ruwa na uku bangon gabas na babban aji ya zauna. Ba ƙara ya yi ba, sulalewa ya yi kamar mutumin da ya gaji da tsayuwa, ya tafi da allon. Na tsaya a cikin laka har idon sawu. A ranar na haɗa jakata. Kaka ta gani, ta ɗauke takalmana ta kai ɗakinta wai za ta shanya.

Tsakanin shuka da noman farko akwai 'yan kwanaki da gona ke barin mutum ya numfasa. A cikinsu ne wata safiya na ji waƙar nan ta samari, amma wannan karon tana matsowa. Suka ɓullo a jere, gora a kafaɗa, dammunan shuci a ka, tsohon sojan a bayansu da sanda yana ba da umarni kamar a fareti. Ya dubi babban ajin ya girgiza kai.

"Wannan ya mutu, 'yar sajan. Mu ceci mai rai."

Suka ɗaura jinkar a ƙasa suna tsokanar juna, wai wane ya fi iya ɗaure igiya idan ƙanwar budurwarsa tana kallo. Suka ɗaga ta da ihu suka ɗora a kan ƙaramin aji, suka baibaye. Ban dafa komai ba don ban san za su zo ba. Kaka ta dama musu kunu, suka sha suka koma gona kafin rana ta yi sanyi. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a gabana kamar zai yi magana, sai kawai ya ce, "Sannu, Malama," ya bi 'yan'uwansa.

Babban ajin ba a sake gina shi ba har na bar garin. Yaran unguwannin nesa da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo muka cusa su a ɗaki ɗaya, manya a benci, ƙanana a ƙasa, hedimasta ya ɗauki safe, ni na ɗauki hantsi. Muka shafa baƙin batir a wani katako ya zama allo.

Ranar da ruwa ya fara samun mu a ciki, na ajiye alli don na saba idan ana ruwa a kan kwano ba a jin magana sai an jira. Sai na ji shiru, ruwan yana sauka a kan shuci a hankali kamar ana zuba gero a ƙwarya. Autar tsohon sojan ta ɗaga hannu.

"Malama, muna jin ki. Ci gaba."

Na duba kusurwa, wuri ɗaya yana ɗiga. Na tura bokiti da ƙafa, na ɗauki allina.