Seu Aderbal da Gangarsa Mai Kuka

Seu Aderbal mai aski ne a unguwarmu ta Madureira, a birnin Rio. Tun kafin a haife ni yake kaɗa kuwika, 'yar gangar nan da ake murza sandan cikinta da jiƙaƙƙen tsumma ta riƙa kuka. Duk ranar Lahadi yana tsakar gidan Dona Zuleica, inda ake cin wake da nama ana kiɗan samba har la'asar.

Abin da ya tsana a duniya shi ne gauraya kiɗa. Kana zaune a kujerarsa zai fara: "Samba ta mutu, ɗana. Yaran nan sun kashe ta da jitar lantarki." Wa zai musa, reza na kan maƙogwaronsa?

Rannan sai ga 'yar ƙanwarsa Marilene, wadda ke busa ƙaho a wata ƙungiyar matasa.

"Kawu, sabon faifai muke haɗawa. Samba ce, da jaz irin na Kuba, da kiɗan nan mai sa mutum ya ji kamar mafarki yake."

"Wato haɗin gambiza," in ji shi. "Allah ya kiyaye ni."

"Da ma hotonka muke son sawa a bangon faifan."

Ya ajiye almakashi. "Yaushe kuka ce za a fara?"

Ya tafi wurin ɗaukar faifan cikin farar kwat da ta sha guga, ya wuni yana kaɗa musu kuwika.

Da faifan ya fito, ya tara mu a gidan Dona Zuleica, ya hana kowa tari. Aka kunna. Ashe sun ja sautin kuwikar, sun juya shi baya, sun cika shi da amsa-kuwwa.

Jurandir, tsohon abokin kiɗansa, ya ce, "Aderbal, saniyar wa ce ta faɗa rijiya?"

Hoton kuwa hannunsa kaɗai aka sa, shi ma an rina shi shuɗi. Ya rantse ba shi ba Marilene har abada.

Ba a jima ba wata jarida ta yaba wa faifan, ta ce kukan da ke cikinsa kukan ruhin birni ne. Samari masu gemu suka fara sauka daga jirgin ƙasa suna neman shagonsa. Babu mai son aski a cikinsu, hoto kawai. Na ji shi da kunnena yana ce musu, "Wannan sautin tun ina saurayi yake yawo a kaina. Jama'a ce ba ta shirya ba."

Ya sayi riga mai furanni da tabarau ruwan ɗorawa. A wurin samba kuma ya koma lumshe ido yana jan kuka ɗaya mai tsawo, masu rawa su yi cirko-cirko ƙafa a sama. Da abin ya ishi Dona Zuleica, ta zo ta zare tsumman daga hannunsa.

"Ranka ya daɗe, mai ruhin birni, ga albasa can tana jiranka."

Har yau a bakin murhu yake zama ranar Lahadi, da tabaransa, yana yanka albasa. In an tambaye shi sai ya ce hutawa yake kafin faifai na biyu. Su Marilene sun riga sun gama na biyun, da wani mai sarewa ɗan Peru. Ba a dai samu wanda zai gaya masa ba.