Muryar Baba a Foldar Shara

Wayar Baba ta faɗa kanal tun kafin rasuwarsa, wata rana yana tsugune yana buɗe wa shinkafarsa ruwa. Ta tafi da hotunansa da duk abin da ya taɓa faɗa a ciki. Bayan sadakar arba'in Inna ta soma cewa muryarsa tana neman ɓace mata. Fuskarsa tana gani sarai, amma in ta so tuna yadda yake sallama daga zaure, sai abin ya ƙi zuwa. Wannan magana ta tsaya mini a rai, kuma ban san cewa muryar tana hannuna ba, a cikin foldar da nake shirin gogewa.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiyar manoman rani a Kura. Ni na haɗa musu manhaja: manomi ya ga tsutsa ta kama tumatirinsa, sai ya aiko da saƙon murya, malamin gona ya saurara ya ba shi amsa. Saƙonnin suna taruwa a ma'ajiyar intanet da muke ce wa gajimare, sunan mai saƙo da matsalarsa kuma suna shiga rumbun bayanai. To, mutanenmu ba sa fara magana da magana. Sai an gaida mutan gida, an tambayi gajiya da rana da ruwa, kafin a iso kan tsutsa. Wasu ma a gaisuwar suke ƙarewa. Irin waɗannan malaman gona kan saka musu alamar babu ƙorafi, manhaja ta tura su wata folda da na raɗa wa suna shara.

Ma'ajiya ta kusa cika, shugaban ƙungiya ya ce a rage kaya. Ni kuwa mutum ne mai son a yi a gama. Layi guda zan rubuta, in danna, shara ta tafi.

Abokiyar aikina ce ta hana. 'Yar Filato ce, amma a Kura aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Mahaifiyarta tana sayen shanshera a bakin injin casa, kuma tun tana ƙarama take ganin yadda ake soka wa buhu ƙarfen nan mai rami, a zaro tsaba daga sama da tsakiya da ƙasa kafin a yi ciniki. Haka ta ɗauki aikin kwamfuta. Ita ta saka mana wani ƙari a cikin editar da muke rubuta manhaja, wanda ke buɗe ma'ajiyar da rumbun bayanan a gefen hagu, ka ga foldoji a jere, ka shiga ka fita ba sai ka bar aikinka ba. Ni ƙawa na ɗauke shi, har ina yi mata tsiya cewa ta mayar da kwamfuta kasuwar buhu. Ta ce in yi ta tsiyata, amma ba za a goge foldar da ba a soka ba.

Ranar da za a yi aikin, bayan la'asar, injin casar maƙwabta yana ta ƙara, ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Na buɗe foldar ina ƙunƙuni. Muka zaro ɗaya daga sama: wani dattijo daga Bunkure yana gaida duk ma'aikata da iyalansu. Daga tsakiya wani makiyayi ne, ya danna bisa kuskure, sai kukan shanu. Na ce to kin ji, shara ce. Ta ce saura ƙasan buhu.

Na gangara can ƙasa na danna wani fayil. Aka yi gyaran murya sau biyu, sannan aka yi sallama. Tun daga gyaran muryar na san shi.

"Yarona, ka wuni lafiya? Ya aikin? Ruwa ya iso layinmu yau, alhamdu lillahi. Innarka tana gaishe ka. Babu wata matsala, na ce dai in ji ka. Allah Ya yi maka albarka."

Ashe Baba, tunda an ce masa ɗansa ne ya yi manhajar, ya ɗauka duk abin da aka faɗa a ciki kunnena yake zuwa. Bai taɓa tambaya ko na ji ba, domin shi ba mai neman amsa ba ne. Malaman gona kuma sun yi aikinsu daidai, babu ƙorafi a ciki.

Sai ita ta karɓi kwamfutar. Ta koma rumbun bayanai a nan gefen, ta nemo lambarsa, saƙonninsa suka fito tun daga dashen shinkafa har yankanta. Ta buɗe sabuwar folda ta kwashe su, ta sauke kwafi a wayata. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba, kuma na gode mata da wannan kusan yadda na gode da sauran. Sauran sharar ma ba mu goge ba. Mun matse ta mun kai ma'ajiya mai sauƙin kuɗi, saboda kowane dattijo a ciki uban wani ne. Sunan foldar kuma na canza shi zuwa gaisuwa.

Da na koma gida, na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna a bakin tabarma na kunna, ban yi mata bayani ba. Aka yi gyaran murya sau biyu, aka yi sallama. Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Wa'alaikumus salam, Malam," in ji ta, a hankali. "Sannu da zuwa."