Motar Biredi Ta Kwana a Shagon Sai-Gobe

Sai-Gobe ake ce masa, don kusan duk motar da aka kawo, idan ya leƙa cikinta, sai ya ce a bar ta sai gobe. Shekara arba'in ke nan yana gyaran wutar mota a wani ɗan shago da ba ya cin mutum uku. Benci ɗaya ne a ciki, da gwangwanin madara cike da fis, 'yan abubuwan nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, da wani ƙwan fitila mai jelar waya biyu. Matarsa takan ce ko gobara ce ta tashi a gidansu, cewa zai yi a bari ta huce tukuna.

Ƙanensa kuwa direba ne mai raba biredi da sassafe, kullum kamar ana korarsa. Sati biyu batirin motarsa na kwana da rai ya tashi a mace. Ya sa sabo, shi ma ya bi sahu, ga fis ya ƙone har sau biyu. Mai gidan biredin ya ce masa idan ya sake makara ran Litinin, wani zai ba layin.

Ran Asabar ƙanen ya turo motar. Sai-Gobe ya cire kan batir, ya haɗa ƙwan nan a tsakani, sai ya kama, alhali makulli na aljihun direba. Wato wani abu na shan wuta a ɓoye. Ya bi fis ɗaya bayan ɗaya yana zarewa, ƙwan ko ƙiftawa bai yi ba. Ya mai da komai yadda yake, ya goge hannu.

"Yaya, har ni ma sai gobe?"

"Da kai muke uwa ɗaya, ba da motar ba."

Da safe ya buɗe gaban motar, ya bi ƙarafan da tafin hannu. Ko'ina sanyi ƙalau, ban da altaneta, abin da ke cajin batir. Ita da ɗumi, kamar kaza ta tashi daga kanta. Ya tambayi ƙanen wa ya ba shi wuta daga batirin wata mota kwanan nan. Direba ya sosa ƙeya, ya ce maƙwabci ne, kuma shi da kansa garin sauri ya ɗaura jar waya a gurbin baƙa, amma wallahi tartsatsin ɗan kaɗan ne.

"Ɗan kaɗan ɗin ne ya ƙona mata ciki. Da rana ta ba batir wuta, in ka kashe mota ta tsotse abinta."

Wuni guda ya yi yana kwance ta, ya canza abin da ya ƙone, ƙanen na ta zagaye shagon yana duba agogo.

Ran Litinin murɗa ɗaya motar ta tashi. Ƙanen ya isa gidan biredi kafin a fitar da zubin farko, har mai gidan ya miƙo masa kujera ya ce ya zauna ya jira.